Ƙafar Raƙumi Da Kofaton Jaki

Kwanan baya mun shiga wani aji a wata makaranta da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, domin mu duba wani ɗalibinmu da ke gwajin koyarwa. Darasin ranar a kan halittar dabbobi ne, watau yadda jikin kowace dabba ya dace da irin zaman da ta ke yi. Yaron ya yi ƙoƙari, ba mu raina masa ba. Ya zana wata farar dabba ta ƙasar ƙanƙara a allo, ya kwafo ta tsaf daga littafi, yara suka bi shi da haddar sunayen gaɓoɓinta da Turanci. Can wajen ƙarshe ya taɓo raƙumi, ya ce musu a cikin tozo ya ke ajiye ruwa, suka duƙa suka rubuta. Duk abin nan da a ke yi, ga wani jaki tsaye a gindin taga da mangalar yashi a bayansa, ba wanda ya ko dube shi.

Laifin ba na yaron ba ne. Namu ne, mu da muka horad da shi, muka sa ya ɗauka ilmi sai abin da ya fito daga tsakanin bango biyu na littafi. In ba haka ba, ina za a ce malami a Fagge ya rasa abin koyad da halittar raƙumi? Unguwar nan fa zango ce tun asali. A nan Buzaye da Larabawa su ke sauke kaya a wajen ganuwa in ayari ya iso daga arewa. Baturen nan Bajamushe, Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ayarin gishiri na mutanen Azbin ya biyo daga hamada. Ko da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a kusa da tasha, raƙuma da jakuna ne suka daɗe suna kawo gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin sikeli. Yanzu motoci sun karɓe dakon, amma raƙumin bai bar Fagge ba. A mota a ke kawo shi daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari, a sauke shi a babbar mayankar Kano, wadda jama'a ke kira Abbatuwa, kusa da Ƙofar Mazugal. Alƙur'ani mai girma kansa, a Suratul Gashiya, ya ja hankalin mutane musamman ga halittar wannan dabba. Saboda haka bari mu duba ta kamar yadda makaniki ke duba mota, mu fara daga ƙasa.

Ɗauki ƙusa ka kafa ta a yashi ka danna, nan da nan ta nutse. Ɗauki faifai ka danna shi da wannan ƙarfin, ba ya zuwa ko'ina. Ƙarfin ɗaya ne, faɗin wurin da ya sauka ne ya bambanta. To, wannan shi ne dukkan asirin ƙafar raƙumi. Yatsu biyu gare ta, kowane da ɗan farce a gaba, amma ba a kan farcen ya ke takawa ba. Ƙarƙashin yatsun akwai matasan kitse masu taushi, an rufe su da fata mai kauri wadda ta haɗa yatsun biyu suka zama tafi ɗaya. Da ya ɗora nauyi sai tafin ya baje, da ya ɗaga sai ya tsuke. Malami na iya mai da wannan lissafi. A ce ga raƙumi mai kilo 500, kowane tafi nasa ya rufe santimita murabba'i 250. Huɗun sun ba da 1,000 ke nan, watau rabin kilo a kan kowane santimita. A ce kuma ga doki mai kilo 300, kowane kofato santimita murabba'i 75. Huɗun 300, watau kilo guda cur a kan kowane santimita. Raƙumin ya fi nauyi nesa, amma dokin ne zai fi nutsewa. Waɗannan adadi misali ne kurum muka kawo. Abin da ya fi kyau yara su nemi sawun da kansu a wurin da ƙasa ta yi laushi, su auna da rula, su fitad da nasu. In sun lura za su ga sawun gaba ya fi na baya girma, domin wuya da ƙirji sun sa rinjayen nauyin yana gaba.

Amma kowace dabara da iyakarta. Tafin da ya ke sarki a yashi bawa ne a taɓo, santsi ke kwashe shi, ƙafafu su rabe, wani lokaci har dabbar ta karye. Tsakuwa mai kaifi kuma tana yanka shi, doguwar tafiya a kan kwalta tana cinye shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ayarin hamada baƙon rani ne a ƙasar Kano, ban da ƙudajen damina da ke sa wa raƙumi ciwo.

Jakin gindin taga kuwa nasa tsarin dabam ne. Kakanninsa na jeji a ƙasashen duwatsu na gabashin Afirka su ke, wajen Bahar Maliya, saboda haka kofatonsa ƙarami ne, tsayayye, mai tauri, irin na shiga tsakanin duwatsu. Kofaton nan ba wani abu ba ne illa farce. Jaki da doki a kan yatsa ɗaya tak su ke tafiya, wanda ya yi daidai da ɗan yatsanmu na tsakiya, kuma a kan ƙarshen farcensa. Saniya da akuya a kan biyu, waɗanda ke buɗewa in sun shiga fadama su hana su kafewa. Farcen jaki yana shan ruwa fiye da na doki, shi ya sa in aka ɗaure shi a caɓi kwana da kwanaki sai kofaton ya yi laushi, ya fara ruɓa. Mai jakin da ya san haka zai nema masa busasshen turke da damina.

In an gane cewa dabbar a kan yatsa ta ke tsaye, sai wani abin mamaki ya biyo baya. Abin da mu ke kira gwiwar gaba a jikin jaki ko raƙumi ba gwiwa ba ce, wuyan hannu ne. Gwiwar hannun ta ainihi tana can sama, manne da ƙirji. Wannan gaɓa kuma ta ƙafar baya mai tsini, wadda yara ke cewa gwiwa ce da ta juya baya, dunduniya ce aka ɗage ta sama. Ƙasusuwan da ke cikin tafin hannunmu da tafin ƙafarmu su ne aka ja suka yi tsawo, domin taku ya yi nisa. Ba mu taɓa gwada wannan a aji ba yara suka kasa yin shiru, kowa ya dubi hannunsa.

Kowane mahauci ya san nama a cinya da kafaɗa ya ke. Daga nan zuwa ƙasa sai ƙashi da jijiya da fata, abin farfesu. Me ya sa? Ba yaro sanda, ka ɗaura dutse a ƙarshenta ka ce ya kaɗa ta gaba da baya. Sa'an nan ka matso da dutsen kusa da hannunsa ya sake gwadawa. Da kansa zai gaya maka wanne ya fi sauƙi. Ƙafa abar kaɗawa ce, sau dubbai a yini, saboda haka aka tara tsoka mai nauyi a sama, aka bar dogayen jijiyoyi su kai jan zuwa yatsa, kamar yadda wayar birki ke kai jan hannun mai keke zuwa taya. Jijiyoyin nan kuma ba igiya ba ce matacciya. Suna miƙewa in nauyi ya hau, su koma in ya sauka, kamar danƙon harbin tsuntsu, su mai da wajen kashi tara cikin goma na ƙarfin da aka zuba musu. Wani masani na Jami'ar Leeds a Ingila, McNeill Alexander, tare da abokan aikinsa a Kenya, sun bincika wannan a ƙafar raƙumi a 1982, suka nuna jijiyoyinsa na rage wa tsoka aiki mai yawa sa'ad da ya ke gudu. Jaki da doki har da ƙari: jijiyoyinsu na iya kulle gaɓoɓi su tsaya ƙyam ba tare da tsoka ta wahala ba. Shi ya sa za ka ga jaki na gyangyaɗi a tsaye a bakin kasuwa, bai faɗi ba.

Tafiyar raƙumi ma abar kallo ce. Ƙafar gaba da ta baya na ɓangare ɗaya tare su ke tafiya, dama biyu, sa'an nan hagu biyu. Dabba mai dogayen ƙafafu da gajeren jiki, in ba ta yi haka ba ƙafar baya sai ta riƙa dukan ta gaba. Farashin abin shi ne rangajin nan da ke sa sabon mahayi jiri.

Gaɓoɓi kuwa, a lambu za mu sami misalinsu. Duk wanda ya san lambunan bakin Jakara ya ji labarin jigo, ko da injin ban ruwa ya kore shi a wurare da yawa: doguwar sanda a kan gwafa, guga a wannan kai, curin ƙasa a wancan. Kowace gaɓa gwafa ce, ƙashi shi ne sanda, tsoka ita ce mai ja. Wani Ba'italiye, Borelli, wanda littafinsa a kan motsin dabbobi ya fito a 1680, shi ya fara zama ya lissafa abin, ya tarad da tsoka na yin aiki ninkin kayan da ta ɗauka sau da yawa, domin kusa da gaɓa ta ke kama ƙashi. A hannun mutum, tsokar damtse na kamawa kimanin santimita 4 ko 5 daga gwiwar hannu, kaya kuwa na tafi, wajen santimita 35. Mai riƙe da kilo 5 a tafinsa, tsokarsa na jan abin da ya kusa kilo 40. Da ji ka ce hasara ce. Amma ribar ita ce tsoka ta motsa kaɗan, hannu ya yi nisa da sauri. Dunduniyar nan mai tsini ta ƙafar baya ƙota ce da agara ke ja, kuma tsawonta shi ke raba dabba mai gudu da dabba mai ƙarfin tono.

Wuyan raƙumi shi ne jigo sosai. Ƙasusuwa bakwai ne a ciki, daidai da na mutum, da na ɓera, da na raƙumin dawa, tsawon kowane ɗaya ne kawai ya bambanta. Ta bayan wuyan akwai wata jijiya rawaya mai kauri wadda ba ta taunuwa ko an kwana ana dafa ta. Daga doron kafaɗa ta taso zuwa ƙeya, tana da danƙo ƙwarai, ita ke yin aikin curin ƙasar jigo. In dabba ta sunkuya kiwo sai jijiyar ta miƙe, in za ta ɗago jijiyar ta taimaka ta jawo kan. A nemi mahauci ya nuna ta a wuyan sa, ya bar yara su ja su gani.

Sai ƙashi. Wanda ya taɓa fasa ƙashin ƙwauri don ɓargo ya san rami ne a ciki. Ga gwaji mai arha: takarda ɗaya, in ka riƙe ta a shimfiɗe ba ta iya ɗaukar ko alli, in ka naɗe ta bututu sai ta ɗauki littafi a tsaye. Sa'ad da abu ke neman lanƙwashewa, gefensa ne ke shan wuya, wani ɓangare na miƙewa, wani na matsewa, tsakiya kuwa tana hutu. Saboda haka aka kai kayan ginin gefe, aka bar tsakiya ga ɓargo. Karan dawa haka ya ke, tauri a baya, totuwa a ciki. Gora haka, firam ɗin keken da a ke sayarwa a Sabon Gari haka. A kawunan ƙashi kuma, inda nauyi ke shigowa ta fuskoki da dama, in an tsaga da zarto za a ga saƙa kamar soso. A birnin Zurich, wajen 1866, wani injiniya Culmann ya ga zanen saƙar nan a wurin wani malamin likitoci, von Meyer, ya shaida cewa zarurrukan sun bi layukan da shi ke lissafawa in zai ƙera ƙugiyar ɗaga kaya. Daga baya likita Julius Wolff, a 1892, ya bayyana cewa ƙashi rayayye ne, yana ƙara kauri inda a ke ɗora masa nauyi, yana raguwa inda aka bar shi banza.

Akwai wata tambaya da yara masu kaifin hankali kan yi: don me ƙafar giwa ta ke kamar turmi, ta barewa kamar tsinke? Galileo ya amsa ta tun 1638. In ka ninka tsawon dabba da faɗinta da kaurinta sau biyu, nauyinta zai ninku sau 8, amma kaurin ƙashin da zai ɗauke ta sau 4 kaɗai ya ninku. Tilas babbar dabba ta sami ƙashin da ya fi kauri bisa ga jikinta, ta kuma tsai da ƙafafunta sak kamar ginshiƙi. Da ƙananan tubala na laka ana iya nuna wannan a aji, ɗaya a gefe, takwas a gefe.

Yanzu mu komo ga mangalar yashi, gama a nan ne darasin ke fita daga allo ya shiga aljihun talaka. Bayan dabba baka ne da tsirkiya. Ƙashin baya shi ne bakan, tsokokin ciki su ne tsirkiyar da ke riƙe shi kada ya lotsa, ƙafafu huɗu su ne ginshiƙai. Maginin da ya san bakan gizo na azara zai gane nan take. Daga kafaɗa zuwa tsakiyar baya akwai haƙarƙari da ke tallafe bakan ta kowane gefe. Daga inda haƙarƙari ya ƙare zuwa ƙugu babu mataimaki, nan ne wurin rauni. Saboda haka wurin kaya shi ne a kan haƙarƙari, bayan kafaɗa, dama da hagu daidai wa daida. Aikin akumari shi ne ya raba nauyin ga gefen biyu, ya bar tsinin ƙashin baya ba abin da ya taɓa shi, domin a nan fata ce kawai a kan ƙashi. In akumari ya mutu, ko mangala ta rinjaya gefe guda, sai gogayya ta ci fata, miki ya buɗe, ƙuda ya samu. Mun sha ganin irin wannan baya a hanya, mai jakin na ta bugu yana cewa taurin kai ne. Haka kuma ɗora wa ɗan jaki kaya tun bai ƙosa ba. Kawunan ƙasusuwansa guringuntsi ne har yanzu, ba su gama ƙanƙara sai ya kai wajen shekara huɗu ko fiye, kuma abin da ya karkace a lokacin ya karkace ke nan. Jaki kuwa ya yi tsada yanzu, tun da cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin ya rage yawansa, har Tarayyar Afirka ta yanke shawarar hana yanka shi don fata a 2024. Yaron da ya koma gida ya gyara wa ubansa akumari, darasinmu ya biya kuɗin allinsa.

Buzaye sun warware tasu matsalar tun da daɗewa. Sirdin hawansu a gaban tozo ya ke zama, a kan kafaɗa inda ƙashi ya fi ƙarfi, mahayi ya ɗora ƙafafunsa a wuyan raƙumin yana sarrafa shi da su tare da akala. Dubi kuma kantar da ke ƙirjinsa da gwiwoyinsa. In ya durƙusa a kansu ya ke sauka, ta ƙirjin ta ɗage cikinsa daga yashi mai zafi, iska na ratsawa. In zai tashi ya kan jefa wuya gaba, ya miƙe ƙafafun baya sarai kafin na gaba, irin na saniya. Doki da jaki kuwa da na gaba su ke farawa.

Batun tozo, mu gyara shi kada ya sake shiga littafin yaro. Kitse ne, ba ruwa ba, ba kuma ƙashi a ciki. Mahautan Abbatuwa na yanka shi kullum suna sayarwa. Guzuri ne na lokacin yunwa, kuma tara shi wuri ɗaya ya bar sauran fatar jiki sakayau tana fitad da zafi. Wani masani, Schmidt-Nielsen, ya zauna a Beni Abbas cikin hamadar Aljeriya a 1953 zuwa 1954 yana auna raƙuma. Bai sami wata salka a cikinsu ba. Abin da ya samu shi ne tattali: raƙumi mai ƙishirwa na barin zafin jikinsa ya hau daga digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da rana kafin ya yi gumi sosai, fitsarinsa kaɗan, kashinsa busasshe. Yana iya rasa ruwan da ya kai rubu'in nauyinsa bai faɗi ba, in ya sami rijiya ya sha wajen lita 100 cikin 'yan mintoci.

Da mun so mu ce a ɗaga kai a dubi ungulu, mai sanƙon da ya dace da cusa kai cikin mushe, amma ta yi wuyar gani a mayankunmu, har tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Shirwa dai na nan, a kalli yadda ta ke murza wutsiyarta mai baki biyu tana juyawa ba ta kaɗa fiffike ba.

Malamin da ke son gwada abin da muka faɗa, ba sai ya jira kuɗi daga ofis ba. Ya fara zuwa shi kaɗai ya gai da shugabannin mahauta, ya nemi izini, ya roƙi ƙashin ƙwauri ɗaya, da muƙamuƙin sa ko na akuya, da ƙafar raƙumi in an samu. A dafa ƙasusuwan a wanke a shanya kafin su shiga aji. In za a kai yara kallo, 'yan kaɗan a kowane zuwa, su tsaya nesa, gama raƙumi na harbi ta gefe, ba ta baya kaɗai ba, yana kuma cizo. Kada su taɓa hancinsa ko bakinsa, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an dawo. Wanda duk wannan ya yi masa nisa, ya biya wurin masu fige kaji a kasuwar Sabon Gari ya karɓi ƙafar kaza ɗanya guda ɗaya. A ɗan feɗe fatar wajen da aka yanke, za a ga fararen jijiyoyi. A kama ta baya da awartaki a ja, yatsun za su dunƙule, a ja ta gaba su buɗe. A bar kowane yaro ya ja sau ɗaya, sa'an nan a tambaye su yadda kaza ke kwana a kan reshe ba ta faɗo ba.